Yadda Na Riƙe San Hajja a Alƙahira

Na je Alƙahira a gyara mini kwatangwalo. Kafin likita ya taɓa ni, sa ya kwance a unguwar da na sauka, kuma ni aka bar wa shi. San layyar wata tsohuwa ne da ta yi mini alheri, kuma da bakina na ce mata zai isa gaban wuƙa ba tabo a jikinsa. Tun da na dawo Gusau kowa ya zo sayen nama sai ya tambaye ni, har da waɗanda ba nama ya kawo su ba. Na gaji da maimaitawa. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, don haka ina faɗa, maƙwabcina Malam Isa yana rubutawa. Na ce masa kada ya ƙara gishiri.

Sunana Tanko. Mahauci ne ni, ɗan mahauci. Da ƙuruciyata na yi hawan ƙaho. Ga wanda bai taɓa gani ba: ana ɗaure sa da igiya biyu, ɗaya a kai, ɗaya a ƙafar baya, a zaga gari da shi ana kaɗa kalangu, ana murɗa masa wutsiya har idonsa ya juye. Sai mutum ya tsaya gabansa, ya faɗa tsakanin ƙahonni, ya rungume wuya. In ka sauka lafiya mata su yi guɗa. Na sauka lafiya sau da yawa. Ranar da ban sauka ba, igiyar ƙafa ce ta tsinke, san ya haɗa ni da katanga. Haƙarƙari uku da kwatangwalo. Shekarar da ta biyo baya aka kwashi abokina Iliya daga fili, shi bai tashi ba. Daga nan na bari.

Kwatangwalon ya yi ta cina har na koma dogara sanda. Ɗana Bashir yana karatun addini a Alƙahira, shi ya nemo likita, 'yan'uwansa suka haɗa hannu.

Mun tashi daga Gusau da hantsi, don ba a bin hanyar nan da asuba saboda 'yan bindiga. Ba wanda ya yi magana a motar har Funtuwa. A Funtuwa kuwa kowa ya ci abinci kamar an sako shi daga kurkuku. Kano muka kwana gidan surukina.

A filin jirgi aka sa jakata cikin na'ura, wata ma'aikaciya ta zaro wuƙata daga tsakanin carbi da goro.

"Baba, wannan fa?"

"Wuƙa ce."

"Na gani. Me za ka yi da ita a sama?"

"Ba komai. Ban saba fita ba ita ba."

Ta yi dariya har ta dafa tebur. Surukina ya koma da wuƙar gida. Jirgi ba abin faɗa. Kujera ƙarama, abinci ƙarami, naman da suka ba mu ban gane wace dabba ba ce.

A can Masar, mai buga fasfo ya tambayi sana'ata. Kalma ɗaya Bashir ya koya mini ta waya, na faɗe ta: gazzar, wato mahauci. Ya dube ni, ya dubi sandata, ya buga hatimi. Masu bincike kuma suka kwance ƙullin kukar da uwar Bashir ta ba ni. Ɗaya ya shinshina ya yi atishawa, ya kira na biyu, na biyu ya kira na uku. Da na ga abin zai yi tsawo sai na ɗiba na lasa. Na ukun ya ce, "Mulukiyya!" Wata miyarsu ce mai yauƙi. Na ce e. Da sun ce tuwo ne ma, e zan ce.

Bashir yana zaune a Darrasa, kusa da babban masallacin da suke karatu. Unguwar littattafai ce, ko mai shayi da littafi a gefensa. Ɗakinsu yana hawa na biyar, su shida. Na hau sau ɗaya. Da na kai sama na ce ko dai a sauko da ni ko a kawo likitan nan, amma ba zan yi sau biyu ba.

Sai aka mai da ni Ardul Liwa, wurin wani Usman, a ɗakin ƙasa. Usman Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun tashi daga Haɗeja da ƙafa za su aikin hajji, suka tsaya a hanya, tsayawar ke nan har jikoki. Yaƙi ya koro shi Masar, yana ɗinki. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, sai ya yayyafa mata Larabci. Kowa a wurinsa "ya zol" ne, wato bawan Allah. Shi ya zama bakina da kunnena.

Unguwar ta cika maƙil. Lunguna matsattsu, benaye sun rufe rana, adaidaita sahu da suke kira tuktuk suna shiga ko'ina, yawancinsu da kiɗa. Babban titi kuma mota ba ta tsayawa kowa. Na tsaya gaban bijimai da yawa ban riƙe hannun kowa ba. Titin Alƙahira ne ya sa na riƙe na Usman.

Abinci: da safe wake, sun dafa shi ya narke, ful suke ce masa. Da rana wani abu koshari, shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya, kamar an share ɗakin girki. Ƙosansu kore ne a ciki. Gurasa kuwa ko ruwa za ka sha sai an ajiye maka ita. Kwana uku na yi ina neman barkono.

Mai gidan da muke ciki ita ce Hajja Ummu Mahmud, tana hawa na biyu. A can mata ba sa saukowa sayen cefane, kwando suke zurowa da igiya daga baranda. Ran da na kwana biyu na ga kwando ya sauko daidai tagata, da kwanon ganye naɗe da shinkafa a ciki. Daga sama aka ce, "Ya Hagg Tanko!" Na ce wa Usman ya gaya mata ban je hajji ba. Ya ce, "Ya zol, a nan duk mai furfura Hagg ne. Ci abincinka." Daga ranar kwandon bai fasa ba. Ba ta taɓa tambayar ko ni wane ne ba. Ta ji dai akwai baƙo marar lafiya a ƙasa.

Asibitin yana Muhandisin, tsallaken layin dogo. Likitan ya duba hoton ƙashina ya ce sai bayan Babbar Sallah za a sa ƙarfe. Ya ce kafin nan in kiyaye. Faɗuwa ɗaya, ƙashin ya rabu, sauran rayuwa a keke. Ya tambayi abin da ya karya ni, Bashir ya gaya masa. Sai ya ɗauko wayarsa ya nuna mini wata ƙasar Turawa: maza da fararen kaya da jan ƙyalle a wuya suna gudu a lungu, shanu na binsu, wasu na faɗuwa ana taka su. Ya nuna wani kuma, mutum ɗaya a fili yana kaɗa wa sa mayafi, gadon bayan san duk an soka masa mashi, jini na bin kafaɗarsa, dubban mutane suna tafi. Ya ce irin wannan ne namu?

Na ce, "Gaya masa mu ba ma soka mashi. Amma mu ma ba mu taɓa tambayar san ba."

Bashir ya fassara. Likitan ya ce tamam, wato daidai, ya rubuta magani.

Sallah ta matso. Usman ya gaya mini mijin Hajja, Abu Mahmud, kowace shekara sa yake yankawa ya raba wa layin, har baƙi irin su Usman. Tun da ya rasu ba a yi ba, shekara biyu. Bana ta samu hali, kuma da sunansa za ta yi. Da ta ji ni gazzar ne sai ta aiko ko zan zaɓa mata.

Karar shanunsu rumfuna ne a bakin titi, motoci na wucewa ta gefensu. Shanun gajeru ne, ba tozo, ƙahonni kamar yatsa. Ko mutum zai hau, ba wurin riƙo. Mai sayarwa ya jawo wani mai ƙaton ciki yana ta yabo. Na danna cikin na ji ruwa. An ba shi gishiri ne ya sha ya kumbura. Na ce wa Usman ya gaya masa wannan dabarar a Gusau ma an daina ta. Mutumin ya yi dariya, ya rungume ni, ya kawo shayi. Na duba haƙora, ido, hanci, kofato, na zaɓi wani ja mai farin goshi.

Da yamma Bashir ya zo da abokinsa Nasiru, ɗan Zariya, mai surutu. Suka kama gardama a ƙofar gida kan in dabba ta ji rauni kafin yanka. Bashir ya ce in ta gurgunce layya ba ta yi ba. Nasiru ya ce wasu malamai sun yi sauƙi in wurin kayarwa ne. Suka yi ta jefa wa juna Larabci. Hajja tana baranda, ta sa Usman ya fassara mata gardamar. Ta ce ita ba ta son wasu sun ce, wasu sun ce. Tana so ya je wa Abu Mahmud cikakke.

Na ce, "Gaya mata zai isa gaban wuƙa ba tabo."

Usman ya faɗa mata, sannan ya juyo. "Ya zol, kai ka yi alkawari. San kuma ba a ji ta bakinsa ba."

Mahaucin layin shi ne Amm Sayyid, ƙato, taba ba ta barin leɓensa. Na ce masa a tanadi igiya biyu, ta kai da ta ƙafa. Ya dafa kafaɗata ya ce ma'alish ya Hagg, wato kada in damu, nan Masar ce, ɗaya ta isa.

Ranar Sallah muka dawo daga idi muka tarar an fara yanka. A titi suke yi, kowa a ƙofar gidansa. Jini na bin kwata, tumaki na kallon 'yan'uwansu a ƙasa, yara na busa wasu ƙahonnin roba. A cikin wannan aka kawo san Hajja a bayan a-kori-kura. Ba su sa masa katakon sauka ba, ja suka yi ya yi tsalle. Ya dira, hancinsa ya ɗauki warin jini, ya fizge. Igiyar ta zare daga hannun mutum uku kamar an shafa mata mai.

Layin duka ya bi shi. Ba don kamawa ba. Kowa da waya a sama. San ya ture keken mai ful, tukunyar ta yi gaba tana birgima. Wani mai tuktuk ya bar tuktuk ɗinsa ya haye na wani. Wani saurayi ya kama wutsiya, san ya tafi da shi taku goma ya ajiye shi cikin kwata, mutane suka yi tafi. Usman yana dariya har da hawaye. Ya ce duk shekara haka ake, da yamma kowa ya zauna yana kallon shanun da suka gudu a unguwanni, shi ne nishaɗin Sallah. Na ce nemo mini tuktuk.

Mun same shi a wani lungu da ba ya ɓullewa, gefen wani gidan shayi. Tsofaffin da ke wasan domino duk sun haye tebura da kofunansu a hannu. San ya juya baya ga bango, mutane sun toshe bakin lungun. Na kutsa da sanda. Sai na hango Amm Sayyid yana laɓaɓawa ta gefe da wata faffaɗar adda. Na gane. Agarar ƙafa zai datse, san ya zube, a ja shi a ƙasa. Haka wasunsu suke yi in sa ya gagara. Na maƙalo hannunsa da kan sandata. Ya yi ta magana, ban ji ba, ban kuma saki ba.

A nan ne 'yan gidanmu suka yi tasu. Bashir da abokansa ɗalibai sun biyo mu, ashe ya sha ba su labarina. Nasiru ya ɗaga waya, ya ƙure murya, sai ga kalangu a tsakiyar Alƙahira. Shi kuma ya kama yi mini kirari.

"Tanko Karya-wuya! Na Pawa ba ka ja da baya! Baba, nuna musu! Wallahi yau sai Misirawa sun san mu!"

Ɗaliban suka ɗauka. Misirawa ba su san me ake cewa ba, amma sun gane za a yi wasa, suka buɗe fili.

Ba zan ɓoye ba, ƙafata ta motsa. Jikina ya manta da likita. Har na auna inda zan faɗa.

Sai na dubi san. Ƙafafunsa na rawa. Fitsari na zuba, kumfa a baki, haƙarƙari na bugawa. Na san wannan rawar. Na sha jinta a ƙirjina ina rungume da wuya, kuma a lokacin na ɗauka fushi ne. Tsoro ne. In na faɗa masa zai yi cikin taron, ko ya zame a kan jiƙaƙƙen siminti ya karye. Kowanne ya faru, maganata ta tashi.

Bashir ya riƙe rigata. "Baba, likita fa."

"Nasiru, kashe abin nan."

"Baba, ko sau ɗaya..."

"Kashe, ko in hau naka wuyan."

Ya kashe. Na ce wa Usman kowa ya ja baya, kowa ya yi shiru. Ya faɗa sau uku ba wanda ya ji. Sa Bamisire ya yi shiru ya fi kama sa wuya. Hajja ce ta yi. Ta iso cikin baƙar abaya tana haki, ta cire silifa ɗaya ta ɗaga sama, ta faɗi kalmomi kaɗan. Ban san me ta ce ba, Usman kuma ya ƙi fassarawa. Lungun ya yi tsit.

Na ce a kawo ruwa a bokiti da ɗanyar ciyawa. Na ajiye, na tsaya a gefe, kafaɗa gare shi, ban kalle shi ido cikin ido ba. Na riƙa yi masa 'yar ƙarar harshe da na koya wurin Fulani a kara. Shi ke nan. Tsayawa. Hannayen masu waya suka gaji, ɗaya bayan ɗaya suka sauke. Mai gidan shayin ya miƙo mini kofi ta taga, na sha a tsaye. Kwatangwalo na ci kamar wuta. Can san ya sauke kai ya shinshina ruwan. Ya sha. Na matsa taku ɗaya. Ya ɗago, na tsaya. Ya koma, na ƙara. Da hannuna ya kai bayan kunnensa na sosa, ya yi wani dogon numfashi. Na tuɓe rigar Sallata a hankali na rufe masa ido.

Saura igiyar ƙafa. Wata mata ta jefo igiyar shanya daga bene. Amma ni ba na iya sunkuyawa. Na dubi Amm Sayyid, har yanzu addar na hannunsa. Na dubi Bashir. Tun yana yaro na hana shi zuwa kwata inda muke yanka, bai taɓa riƙe ko akuya ba.

"Zo. Ta gefe, ba ta baya ba. Dafa cinyarsa tukuna ya san kana nan."

"Baba, zai harbe ni."

"In ka yi sauri zai harbe ka. Yi kamar kana buɗe littafi."

Ya durƙusa da farar jallabiyarsa, bakinsa na motsi da addu'a. Ya zagaya igiyar sama da kofato. Yana jan zargen san ya motsa, ya jingina kafaɗarsa da ni, ya matse ni da bango. Wuta ta tashi daga ƙuguna har ƙeya. Na ga duhu. Ban yi ihu ba, don in na yi an gama. Na ci gaba da sosa masa kunne. Ya sassauta. Ban faɗi ba.

Muka dawo da shi a ƙafa, ni a kai, Bashir da Usman a igiyar baya, layin duka na binmu shiru kamar rakiyar gawa. Na ce ba a titi ba. Aka buɗe garejin gidan, aka wanke ƙasa, aka rufe ƙofa. Na ce wa Amm Sayyid ya ɓoye wuƙar a bayansa. Da igiya biyu sa kwanciya yake yi, ba faɗuwa ba. Hajja ta zagaya shi tana dubawa, daga ƙaho har kofato. Ta ɗaga kai ta ce, "Tamam." Ta ambaci sunan mijinta. Amm Sayyid ya yi bisimilla. In faɗi gaskiya, hannunsa na da kyau, ja ɗaya ya yi.

Naman ya fito ja, mai haske. Naman san da aka wahalar baƙi ne, ba ya kwana, kowane mahauci ya sani. Mu ma mun sani, muna sayarwa haka nan. Na nuna wa Amm Sayyid cinyar, ya juya ta, ya ɗaura igiyar shanyar nan a ƙugunsa bai mayar wa mai ita ba.

Hajja ta yi kuka kaɗan, sannan ta kama yi mini faɗa kan rigata da ta ɓaci. Yara suka tsoma hannu cikin jini suna manna wa bango, wai don albarka. Suka ce in yi, na ce a'a, na taɓa isasshe. Aka dafa fatta, gurasa da shinkafa da romo da tafarnuwa. Shi ne abinci na farko a ƙasar nan da na nemi ƙari.

Bayan kwana huɗu aka sa mini ƙarfen. Likitan ya ce ƙashin bai ƙara tsagewa ba, ya yaba mini da na bi umarninsa. Na ce wa Bashir ya gaya masa na gode.

Nasiru ya ɗauki abin duka a waya, ya aiko wa samarin kwatarmu. Da na dawo suka taru a rumfata suna kallo. Suka yi ta tura shi gaba suna neman inda na hau. Ɗaya ya ce, "Baba, ai ba abin da ya faru. Tsayawa kawai ka yi kana shan shayi."

Na ce, "E. Shi ne aikin."

Yanzu ina Gusau, a rumfata ta bakin kasuwa, da ƙarfe a ƙugu. Sandar tana jingine, wani lokaci har in manta da ita. Ina buɗewa da hantsi, in rufe bayan la'asar.